Neman Gurbin Karatu Bayan Sakandare: Abin da Ɗalibin Katsina Zai Yi Tun Daga NIN Har Ranar Rajista

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunaye, a unguwa ɗaya sai ka ga yaron da ya ci maki 230 a JAMB yana zaune gida, abokinsa mai 185 kuma yana haɗa kayan tafiya makaranta. Abin da ake fara cewa shi ne ai ba shi da kowa a sama. Wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma in aka baje takardun yaron a kan tabarma aka duba, sau da yawa ciwon yana cikinsu. Ko dai sunan da ke kan NIN ya saɓa da na WAEC, ko ya rubuta darasin da kwas ɗin bai nema ba, ko bai ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin JAMB ba, ko kuwa an ba shi gurbin tuni, bai shiga ya karɓa ba har wa'adi ya wuce. Dukkansu abubuwa ne da ake kauce musu ba tare da kashe ko sisi ba, in an san su da wuri.

Kiredit biyar, amma a waɗanne darussa?

Jami'a tana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 fas ne kawai, F9 kuwa faɗuwa ce. Wannan kowa ya sani. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka kowane biyar sun wadatar. Yarinya za ta fito da kiredit bakwai, gida ya kaure da murna, alhali aikin jinya take so kuma D7 gare ta a Kimistiri. Bakwai ɗin nan ba za su kai ta inda take so ba.

Likitanci, haɗa magunguna da jinya suna neman Turanci, Lissafi, Fizis, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna so a kawo su a zama ɗaya, musamman a likitanci. Injiniya yana buƙatar Turanci, Lissafi, Fizis, Kimistiri da ƙarin darasin kimiyya ɗaya. Mai son karatun lauya kuwa ya kula da Adabin Turanci, domin yawancin jami'o'i ba sa ɗauka sai da kiredit a cikinsa. Wannan darasi ya hana yara da yawa karatun shari'a a yankinmu, ba don sun faɗi shi ba, a'a, don makarantarsu ba ta da malaminsa, ba a sa musu shi a rajista ba, su kuma ba su farga ba sai ranar cike fom ɗin JAMB. Uban da ɗansa yake cewa lauya zai zama, ya je makarantar tun yaron yana SS1 ya tambaya ko ana koyar da darasin. In ba a yi, a nemi malami a waje, a kuma tabbatar an sa shi cikin darussan da zai rubuta.

Sauran kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu, wato a haɗa WAEC da NECO, ko a haɗa na bana da na bara. Shi ya sa mai hali ya biya wa ɗansa duka biyun: abin da ya kuɓuce a ɗaya sai a cike da ɗayar, kuma in an riƙe sakamakon wata cibiya saboda zargin satar amsa, ba a rasa madafa ba. Ana karɓar NABTEB ta makarantun koyon sana'a, ana kuma karɓar NBAIS ta makarantun Arabiyya da Islamiyya, muddin darussan da kwas yake nema suna ciki. Wanda ya rasa darasi ɗaya ko biyu bai kamata ya jira wata shekara ba. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, wadda aka fi sani da GCE.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ya daina zama dole ga masu neman kwasa-kwasan adabi, harsuna da makamantansu, amma yana nan dole ga kimiyya, fasaha da fannoni irin su Tattalin Arziki. Kada ɗan ajin at, wato mai karatun adabi da harsuna, ya ji haka ya yi wa Lissafi riƙon sakainar kashi. Gobe zai iya sauya ra'ayi zuwa kwas ɗin da yake neman sa, kuma kowace jami'a tana da nata ƙarin sharuɗɗa.

Sunanka guda nawa ne?

Nan ya kamata a daɗe, domin nan ne matsalar da ta fi damun yaran Hausawa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma JAMB ba ta tambayar ka sunanka da ranar haihuwarka. Abin da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, shi take ɗaukowa, daidai ne ko kuskure.

Mu kuma sunan mutum ɗaya yana da fuska uku ko huɗu. A gida Garba ne, a firamare Abubakar, a katin ɗan ƙasa Abubakar Sadiq. Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, Muhammadu a ta uku. Indo da A'isha, Binta da Fatima. Sunan ƙarshe yau na uba ne, gobe na kaka, jibi na gari, a ce Kaita ko Mashi ko Rimi. Ranar haihuwa kuwa, mai rajista ya ga layi ya yi tsawo ya rubuta wa kowa 1 ga Janairu. A tsakaninmu duk mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba, kuma ma'aikacin da zai tantance takardu ranar rajista abin da ke rubuce zai bi.

Saboda haka, tun yaro yana SS2, a ɗauko silif ɗin NIN, takardar haihuwa da takardar gama firamare a jera su. A duba harafi bayan harafi, a duba wane suna ne a farko, wane ne a tsakiya, wane ne na ƙarshe. A duba rana da wata da shekara, da jiha da ƙaramar hukuma. In akwai saɓani, a gyara a NIMC kafin makaranta ta tura sunaye zuwa WAEC da NECO, sannan a ba makarantar kwafin silif ɗin a ce da shi za a yi amfani. Gyaran suna yana ɗaukar lokaci, na ranar haihuwa ya fi tsada kuma ya fi daɗewa. Wanda ya bari sai an buɗe sayar da fom, ya zo fafe gora ranar tafiya. Takardar rantsuwa ta kotu tana taimakawa a wasu wurare, amma ba ta sauya abin da JAMB ta riga ta ɗauko.

Shekaru ma suna da doka. Sai mai shekara 16 ake ba gurbi, kuma a 2025 an ƙayyade ya cika su kafin 30 ga Satumba. Ƙaramin yaro ba ya shiga sai in ya nuna hazaƙa ta fita tsara, da maki 320 ko fiye, sannan a sake tantance shi. Rage wa yaro shekaru ko ƙara masa a takarda ɗaya a bar sauran, matsala ce da za ta bi shi har ranar bautar ƙasa.

Layin waya, fin da ranar rajista

Matakin farko a waya ake yin sa. A buɗe saƙo, a rubuta NIN, a bar tazara ɗaya, a rubuta lambobin nan 11, a aika zuwa 55019 ko 66019. Ana cire naira 50, don haka a sa kati, data ba ta aiki a nan. Amsa za ta dawo da lambar furofayil mai alamomi goma tare da sunan ɗalibi. A karanta sunan da kyau. In ba daidai ba ne, a tsaya nan, kada a sayi fin, wato lambar sirrin da ake saye a yi rajista da ita.

Layin da aka aika saƙon da shi ya zama na wannan ɗalibi shi kaɗai a wurin JAMB. Ba a amfani da layin da yaya ko ƙanwa ta taɓa yin rajista da shi. Ba a amfani da na mai kafe, wato shagon intanet, ko na malamin makaranta, ko na maƙwabci. Da wannan layi za a duba sakamako, ta nan saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa, kuma za a iya neman sa bayan shekaru. A ajiye shi, a riƙa sa masa kati yana aiki, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yana kwashe shi ya sayar wa wani. Haka ma imel: ɗalibi ya buɗe nasa, ya rubuta adireshin da kalmar sirrin a bayan wani littafi da ba zai ɓace ba. Yara da yawa sun wayi gari shafinsu na JAMB yana hannun wani mai kafe da ya rufe shago ya bar gari.

Da lambar furofayil ake sayen fin a banki ko wurin dillalan da JAMB ta amince da su. A 2025 kuɗin ya kama naira 7,200, mai haɗe da jarrabawar gwaji kuma 8,700. Farashin yana sauyawa, a duba sanarwar shekarar. Ɗalibin da bai saba da kwamfuta ba, musamman wanda ya yi karatu a ƙauye, ya daure ya biya na gwajin. Makinta ba ya shiga lissafi, amma tana cire masa rawar hannu, ya san yadda ɗakin yake da yadda agogon ke gudu. Tun wajen sayen fin ake zaɓar ta.

Rajista a cibiyar CBT mai izini ake yi, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ko a ofishin JAMB, ba a kafe ba, kuma ɗalibi da kansa zai je domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. 'Yan mata da iyayensu mata su saurara: lalle yana rufe zanen yatsa, na'ura ta ƙi karantawa. JAMB ta yi gargaɗi a kan haka. A 'yan shekarun nan lokacin rajista da jarrabawa yana faɗowa kusa da Sallah da bukukuwan aure, lokacin da kowace budurwa ke son ƙunshi. A yi a bayan hannu in an ga dama, amma kan yatsu a bar shi fes tun makonni kafin rajista har a gama jarrabawa. Yarinyar da yatsanta ya ƙi hawa a ƙofar ɗakin jarrabawa ba ta shiga.

A cibiya akwai allo na biyu da yake fuskantar ɗalibi domin ya ga abin da ake shigarwa. Ya karanta komai kafin ya dangwala yatsan amincewa: darussa huɗu, kwas, makarantu, garin jarrabawa. Ma'aikaci yana sauri, mutane suna jira a waje, amma minti biyu na dubawa sun fi shekara guda ta zaman gida.

Darussan JAMB huɗu ne, Turanci dole, sauran ukun kwas ne yake yanke su, ba abin da ɗalibi ya fi iyawa ba. Likitanci da jinya: Fizis, Kimistiri, Bayoloji. Injiniya: Lissafi, Fizis, Kimistiri. Shari'a: Adabin Turanci da biyu daga irin su Gwamnati, Tarihi da Ilimin Addini. Akanta da Tattalin Arziki: Lissafi, Ikonomis da ƙarin ɗaya. Wanda ya nemi injiniya ya guje wa Lissafi ya sa Bayoloji, ko ya ci 300 ba za a duba shi ba. JAMB tana da kundin kwasa-kwasai a intanet mai suna IBASS, inda aka rubuta sharaɗin kowane kwas a kowace makaranta. A karanta layin makarantar da ake so, kada a dogara da abin da wani ya ce an yi a shekararsa.

Zaɓin farko shi ne zaɓi

Fom yana ba da guraben makarantu huɗu, amma kada wannan ya ruɗe ka. Jami'o'in gwamnati masu cunkoso suna cika gurabensu da waɗanda suka sa su a farko, ba sa ma kaiwa ga na biyu.

Ɗan Katsina bai rasa wurin zuwa ba. A cikin birni akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta jiha, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da foliteknik ta tarayya, da Kwalejin Yusufu Bala Usman. Ga makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya a Katsina, Malumfashi, Kankiya da Daura. A maƙwabta kuma ga ABU Zariya, ga Bayero a Kano, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Sanin yadda ake raba gurabe yana taimakawa wajen zaɓi. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, wato mafi maki daga ko'ina a ƙasar. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Ma'ana, Bakatsinen da ya nemi jami'ar tarayya da ke yankinsa yana da ƙofa uku, in ta farko ta rufe akwai biyu. Shi ya sa jihar da aka rubuta a fom take da muhimmanci, shi ya sa kuma ba dabara ba ce mai matsakaicin maki ya jefa zaɓinsa na farko can nesa inda ƙofar yanki ba tasa ba ce. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiha take fifitawa.

Sai maganar kwas, wadda iyaye ba su cika son ji ba. Likitanci, shari'a, jinya da haɗa magunguna suna da ƙayyadadden adadi da hukumomin sana'ar suka yanke wa kowace jami'a, ba ta da ikon wuce shi ko da masu nema sun ninka sau goma. Yaron da yake samun 190 zuwa 200 a gwaje-gwajensa na gida, in aka matsa masa sai likitanci, an ɗora shi a layin da ba zai kai gaba ba. Shekara uku sai ta wuce ana maimaita JAMB, alhali da ya shiga Kimistiri, Noma, Lissafi ko Koyarwa da ya kusa gamawa. A zauna da yaro a auna ƙarfinsa da gaskiya. In yana da ƙarfin, a tsaya masa. In ba shi da shi, a nuna masa hanyar da take buɗe.

Jarrabawar kanta

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Don haka a fara da darasin da aka fi ƙwarewa, tambayar da ta cije a wuce ta a dawo daga baya. Ba a rage maki don an ba da amsar kuskure, saboda haka kada a bar ko ɗaya babu amsa. Ba sai an iya riƙe linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙawa, Y na tabbatarwa. Wanda ya danna S da Y bisa kuskure ya gama, ba a buɗe masa.

Shiri kuwa manhajar JAMB ce da tambayoyin shekarun baya, a riƙa yin su da agogo a gefe. Akwai ɗan littafin labari da ake ba kowa wajen rajista, ana ciro tambayoyin Turanci daga cikinsa, maki ne na sauƙi ga wanda ya karanta shi sau biyu.

Kimanin mako guda kafin jarrabawa ake sake ciro silif mai nuna cibiya, rana da lokaci. A je a ga cibiyar da ido kafin ranar. Zaman farko da sassafe ake fara tantancewa, don haka ɗalibin da zai taso daga ƙaramar hukuma mai nisa ya kwana a garin wurin 'yan uwa. Kada a sa yaro bin hanya da asuba ko da dare a yanayin da ake ciki. Waya, agogo, kalkuleta da jaka duk ba sa shiga. Duk wanda ya ce a biya shi zai turo amsa, ko zai ƙara maki bayan sakamako ya fito, ɗan damfara ne, kuma sakamakon da aka kama da maguɗi soke shi ake yi.

Bayan sakamako, nan ne ake barci

Ana duba maki ta aika UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 da layin nan na rajista. Daga nan sai yara su saki jiki suna jiran a kira su. Ba wanda zai kira. Aiki huɗu ne ya rage, kuma kowane yana iya kayar da mutum.

Da farko a auna makin. Taron JAMB da shugabannin makarantu yana yanke mafi ƙarancin maki na ƙasa: a 2025, 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Wannan ƙasan rijiya ne kawai. Kowace jami'a tana ɗora nata a sama, kowane sashe kuma yana da nasa. In makinka bai kai na kwas ɗin ba, je cibiyar CBT ka biya ka sauya kwas ko makaranta tun kafin wadda za ka koma ta rufe tantancewa. Ka tabbata darussan da ka rubuta sun dace da sabon kwas ɗin, domin su ba sa sauyuwa bayan jarrabawa.

Na biyu, Post-UTME, wato tantancewar da makaranta take yi da kanta bayan jarrabawar JAMB. Wasu jami'o'i jarrabawa suke yi, wasu takardu kawai suke tantancewa ta intanet, amma ko wanne ne sai ka cike fom a shafin makarantar cikin wa'adi. Gwamnati ta ƙayyade kuɗinsa kada ya wuce naira 2,000, ban da ladan banki. Wasu jami'o'in suna raba makin JAMB da takwas su haɗa da rabin makin Post-UTME: mai 240 ya samu 30, in ya ci 64 cikin ɗari ya ƙara 32, jimilla 62. Wani mai 210 da ya ci 80 zai tashi da sama da 66, ya wuce shi. Wasu kuma maki suke ba kowane kiredit, inda B2 ta fi C6 nauyi.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane. Yawancin ɗalibai suna rajistar JAMB kafin su rubuta WAEC, a matsayin masu jiran sakamako. Da zarar ya fito, dole a koma cibiyar CBT ko ofishin JAMB a ɗora shi a shafin hukumar. Ɗora shi a shafin jami'a daban ne, bai wadatar ba. Wanda shafinsa yake nuna har yanzu yana jiran sakamako, jami'a ba za ta iya gabatar da sunansa ba ko da tana so. Bayan an ɗora, ka shiga da kanka ka ga darussan da makinsu sun bayyana daidai.

Na huɗu, CAPS, tsarin da JAMB take ba da gurbi ta cikinsa tun 2017. Ka riƙa shiga shafinka aƙalla sau ɗaya a mako. In an ba ka gurbi za ka ga wurin karɓa da wurin ƙi, kuma akwai wa'adi. In jami'a ta ga ba ka kai kwas ɗin da ka nema ba tana iya miƙo maka wani, sai ka amince da sauyin kafin a ci gaba. Ka yi shawara kafin ka danna, domin wanda ya karɓi gurbi ɗaya ya fita daga layin sauran a wannan shekarar. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko da an ba ka takarda mai tambari, JAMB ba ta san da kai ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa abin zai fito fili.

In bana bai yiwu ba

Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Amma jami'a ba ƙofa ɗaya gare ta ba. NCE ta shekara uku da difloma ta ƙasa ta shekara biyu duk suna kai mutum aji biyu na jami'a ta hanyar DE, wato shiga kai-tsaye ba tare da rubuta jarrabawar JAMB ba, in ya fito da sakamako mai kyau, kuma ya riga ya riƙe takardar neman aiki a hannu. Raina su da ake yi kuskure ne. Akwai IJMB da ABU take kula da ita, karatun kimanin shekara guda da ake shiga aji biyu da shi, akwai kuma makarantar share fage ta ABU a Funtuwa. A tabbatar cibiyar da za a yi IJMB tana da izini, domin JAMB tana bincikar sakamakon masu DE daga tushe.

Masu tunanin tsallakawa Maraɗi, Damagaram ko wata ƙasa su fara bincika matsayin makarantar a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin su biya kuɗi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Benin da Togo, ɗalibai da yawa suka shiga tsaka mai wuya. A gida ma a tambaya ko kwas yana da amincewar hukumar da ke kula da makarantar: NUC in jami'a ce, ko NBTE in foliteknik ce, ko NCCE in kwalejin ilimi ce.

Takardu da kuɗi

Wanda ya karɓi gurbi ya ciro takardar shaidar gurbi ta JAMB da asalin silif ɗin sakamako mai hoto. Ranar rajista za a nemi sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko ta rantsuwar shekaru, takardar indijin daga ƙaramar hukumarka, takardar gama firamare, testimoniya ta sakandare da hotuna fasfo. Takardar indijin a neme ta tun ana jiran sakamako, domin sai an bi ta hannun mai unguwa ko dagaci da hakimi, kuma ba kullum ake samun mai sa hannu a ofis ba. Kowane kuɗi a biya shi ta lambar biya da aka ciro daga shafin makarantar, ba cikin asusun wani mutum ba, a kuma adana rasit.

In kuɗin makaranta ya yi nauyi, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, ana tura kuɗin makaranta kai-tsaye ga makarantar, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma ana ba shi naira 20,000 a wata, biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ana neman lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibta, kuma nan ma sunan da ke banki sai ya yi daidai da na sauran. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina ita ma tana buɗe rajista ga 'yan jiha, a riƙa sauraron sanarwarta.

Bayan an yi bikin rantsar da sababbin ɗalibai, ka sake shiga shafin JAMB ka duba jerin waɗanda aka tabbatar, ka ga sunanka da makarantarka da kwas ɗin da kake karantawa a zahiri. In an sauya maka sashe a cikin makaranta amma JAMB tana nuna tsohon, ka kai maganar ofishin ɗaukar ɗalibai tun kana aji ɗaya. Asalin takardu kuma a sa su a leda mai kauri a ajiye a gida, a yi kwafi biyar-biyar na tafiya makaranta, a ɗauki hoton kowace a tura cikin imel ɗin nan da aka buɗe tun farko.